Tsohuwar Bindiga a Hannun Maharbi: Nazarin Gyara da Kalmomin Bindigar Toka a Ƙasar Rogo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda maharba da maƙera suke raya tsohuwar bindigar toka domin aikin daji da tsaron gona, ta ɗauki ƙasar Rogo da ke yammacin Jihar Kano a matsayin farfajiyar nazari. An bi sawun shigowar bindiga ƙasar Kano, da irin gyaran da ake yi mata, da kalmomin da Hausa ta tanada domin sassanta da ayyukanta. An nuna cewa maharbi yana auna bindiga da aikin da take yi masa, kamar yadda manomi yake auna fartanya, kuma harshen yana da sunayen da suka raba bindigar sana'a da makamin ta'asa. Waɗannan sunaye suna neman ɓacewa a Hausar yau.

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta ɗaukar tsohuwar libarba a kai wa maƙeri ya sauya mata mariƙi da saiti, domin makiyayi ko maharbi ya rataya ta idan zai shiga daji. Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Elmer Keith, wanda a 1929 ya bayyana wata libarba da aka gyara masa, wadda aka sani da Lamba Biyar, aka gina ta a kan samfurin Colt na 1873. Har yau ana taƙaddama a can tsakanin masu tara kayan tarihi, waɗanda suke ganin duk wanda ya taɓa tsohuwar bindiga da magagari ya zubar mata da daraja, da masu aikin daji, waɗanda suke ganin bindigar da ke rataye a bango ba ta da bambanci da sanda.

Libarba ba ta samu irin wannan matsayi a ƙasar Hausa ba. Bahaushe ya fara ganin ta ne a ƙugun hafsoshin Turawa, ya ari sunanta daga Ingilishi, ta kuma ci gaba da zama alamar hukuma. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sanya ta a rukunin makaman da aka haramta mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. Ga shi kuma gajeriyar bindiga mai fitar da harsashi ɗaiɗai ba ta da wani amfani ga mai neman zabon daji ko makwarwa. Saboda haka bindigar da ake gyarawa ana sake gyarawa domin aikin daji a nan ita ce doguwar bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki.

2.0 Farfajiyar Nazari

Ƙaramar Hukumar Rogo tana kan iyakar Jihar Kano da jihohin Kaduna da Katsina. Daga Karaye aka cire ta, kuma su biyun ne suka haɗu suka zama Masarautar Karaye bisa dokar da aka yi a 2024. Cikin garuruwanta akwai Zarewa da Fulatan da Beli da Gwangwan da Ruwan Bago da Zoza da Falgore (wannan Falgore daban take da sanannen dajin nan na kudancin Kano, kuma akan sami masu rikita su). Ƙasa ce ta noma, mai fadamu da rake da masara da dawa. Madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye, wadda aka kammala a 1992, ta faɗaɗa noman rani ta kuma jawo tsuntsayen ruwa. Gonaki sun cinye mafi yawan dajin da ake da shi a da, don haka naman da maharbi yake samu a kusa da gida ƙanana ne: zomo da gafiya da zabo da makwarwa da agwagwar ruwa, sai gada jefi-jefi. Mai neman babban nama sai ya yi doguwar tafiya. Wannan sauyi na daji shi ne ya fi komai tasiri a kan irin bindigar da ake buƙata.

3.0 Shigowar Bindiga Ƙasar Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci kawo bindigogi a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743), ya kuma ce Babba Zaki (1768–1776) ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron lafiyarsa. Kalmomin da suka zo da ita sun nuna hanyar arewa: bindiga daga Larabci bunduƙiyya, albarushi daga al-barud, harsashi kuwa daga ar-rasas, wato dalma. Amma yawancin bindigogin da suka kai hannun Hausawa a ƙarni na sha tara daga bakin teku suka fito. A biranen Birmingham na Ingila da Liyej na Beljiyam aka riƙa ƙera su da arha domin kasuwar Afirka, Turawa kuma suka laƙaba musu sunan 'yan kasuwar Danmak da suka yi sansani a gaɓar Accra. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna cewa bindiga ba ta yi yawa a daular ba sai a ƙarshen ƙarnin, kuma sarakuna sun fi damƙa ta a hannun bayinsu.

Wani abin da ya tsayar da bindigar toka a inda take shi ne yarjejeniyar Brussels ta 1890. Ƙasashen Turai sun amince su hana shigar da bindigogin zamani yankin Afirka da ke tsakanin digiri 20 na arewa da digiri 22 na kudu, suka bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara marar zare a cikin bututunta da albarushin kasuwa. Lokacin da dakarun Kanar Morland suka ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, bindigarsu mai ruwa ta nuna tazarar da wannan yarjejeniya ta haifar. Bayan an daina yaƙe-yaƙe, bindigar toka ta rabu gida biyu. Wani kaso ya zauna a fada domin hawan salla da tarbar baƙi, wani ya gangara ƙauyuka ya shiga hannun maharba, waɗanda a da kwari da baka ne kayan aikinsu. Da hanyar samun sabuwa ta ƙuntata, sai ya zama dole a koyi raya tsohuwa, daga nan kuma aka koyi ƙera ta baki ɗaya.

4.0 Gyara: Abin da Maharbi Yake Nema Wajen Maƙeri

Bindigar toka sassa uku ce manya: bututun ƙarfe, da itacen da ke riƙe da shi har zuwa gindin da ake dafawa a kafaɗa, da ƙarafan da ke tayar da wuta. Kowane sashe da irin tsufansa, kowane kuma da mai gyaransa. Shi ya sa da wuya a sami bindigar maharbi da ta shekara talatin ba tare da an sauya mata wani abu ba. Ana iya samun wadda bututunta na kaka ne, itacenta na uba, ƙarafanta kuwa ɗan ne ya sa aka yi masa, amma duk gidan suna kiran ta bindigar kaka. Haka ake yi wa fartanya: a sauya ƙota, ruwa ya cinye a sauya ruwa, mai ita bai taɓa jin cewa ya yi sabuwa ba.

Itace ne yake fara gazawa. Hunturu yana tsaga shi, damina tana kumbura shi, gara kuma tana jiran ranar da za a jingine shi a ƙasa. Idan tsagar ƙarama ce akan naɗe wurin da ɗanyar fata, wadda idan ta bushe take tsukewa ta kama itacen kamar an zuba ƙarfe, ko kuma a naɗe da waya. Idan ta yi yawa sai masassaƙi ya fitar da sabo daga itace mai tauri irin su ƙirya da marke da maɗaci. A nan ne mai bindiga yake shigar da buƙatarsa, domin tsawon gindi ya danganta da tsawon hannunsa, nauyinta kuma ya danganta da nisan tafiyar da yake yi. Wanda zai wuni yana ratsa fadama yana son mai sauƙi, wanda zai kwana a bukkar gona yana gadin masara bai damu da nauyi ba. Baduku ne yake yin maratayi da burgamen da ake zuba kayan ɗuri, shi ne kuma yake rufe layun da wasu maharba suke ɗaurawa a wuyan bindiga. Ke nan bindiga ɗaya takan bi ta hannun masu sana'a uku kafin ta koma daji.

Babban sauyin da aka yi wa tsoffin bindigogi ya shafi hanyar tayar da wuta. Na farko da suka zo da dutsen ƙanƙara suke aiki, a kan dabarar da Bahaushe ya riga ya sani a ƙyastu: dutse ya daki ƙarfe, tartsatsi ya kama albarushi. Aibinsu shi ne raɓa da iska, ga kuma ɗan jinkiri tsakanin jan kunama da tashin bindiga, wanda ya ishi zabo ya bar wurin. A Turai an maye gurbin dutsen da 'yar hular tagulla mai tashi idan an doke ta tun wajajen 1820, kuma maƙeran Afirka ta Yamma sun bi sahu, suka riƙa juya tsofaffin bindigogi zuwa wannan tsari. Mai tara kayan tarihi zai kira wannan ɓarna. Maharbin da bindigarsa ta ƙi tashi da asuba bayan ya kwana yana fako ba zai yarda da shi ba.

Bututu shi ne ran bindiga, shi ne kuma inda hatsari yake. Hayaƙin albarushi yana barin dauɗa mai jan danshi, idan ba a wanke an shafa mai ba tsatsa tana cin ƙarfen daga ciki inda ido ba ya gani. Bututun da ya yi siriri, ko wanda aka yi da ƙarfen da ba zai jure ba, ko wanda aka cika wa ɗuri fiye da kima, yana iya fashewa a hannun mai shi, kuma yatsu da ido ne suke biyan kuɗin. Sanin wannan shi ne ya raba maƙerin da ya gaji sana'ar da wanda ya shigo ta don kuɗi. Na farko zai iya duba bindiga ya ce wa mai ita kwananta ya ƙare, ko da kuwa maganar za ta hana shi ladan aiki. Idan bakin bututu ne kawai ya cinye, akan rage shi kaɗan, abin da yake sa bindiga ta fi daɗin ɗauka a cikin sarƙaƙiya, sai dai yana rage mata nisa, doka kuma ta sa masa iyaka kamar yadda za a gani a gaba.

Duk wannan aiki da kayan ƙira na yau da kullum ake yin sa: zuga-zugi da uwar maƙera da masaba da awartaki da magagari da gawayin ƙirya. Maƙerin da yake gyara bindiga shi ne dai yake yin garma da lauje. Philip Jaggar, a nazarinsa na 1994 a kan maƙeran birnin Kano, ya nuna yadda masu wannan sana'a suka riƙa karɓar sababbin ƙarafa da sababbin buƙatu a ƙarni na ashirin ba tare da sun saki tsarin gado ba. Gyaran bindiga wani reshe ne na wannan hali. Maharbi kuwa ya fi yarda da tsohuwar da ya san halinta, ya san inda take karkata da yawan ɗurin da take ɗauka, a kan sabuwar da bai gwada ba. Mugun gatarinka, in ji masu magana, ya fi sari ka ba ni.

5.0 Kalmomi

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne yadda Hausa ta ari sunan bindiga da na abincinta daga waje, amma ta ɗauko kalmomin aikinta daga cikin gida. Fi'ilin harbi ya girmi bindiga: da shi ake harba kibiya, da shi jaki yake harbi, da shi kunama take harbin mutum. Daga nan ake gane hikimar kiran ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ake ja da yatsa kunama. Siffarsa ta yi kama da wutsiyarta, kuma taɓa shi harbi yake jawowa. Haka ɗana: ana ɗana baka, ana ɗana tarko, ana ɗana bindiga. Ana ɗura mata albarushi kamar yadda ake ɗura wa yaro magani ko a ɗura ruwa a gora. Tana da baki da gindi, tana tashi, tana ƙin tashi, kai ka ce dabba ce mai ra'ayin kanta. Saiti ne kaɗai baƙo a wannan jeri, daga Ingilishi ya shigo, ya kuma bazu har ya kai ga saita magana da saita agogo.

Sarautar maharba ma ba ta sauya suna ba. Sarkin Baka ake cewa, ko da kuwa duk mabiyansa bindiga suke ratayawa. Hausa ta kuma raba maharbi da mafarauci, ko da yake a maganar yau ana cakuɗa su. Maharbi shi ne mai shiga daji shi kaɗai ko da yaronsa, ya bi sawu, ya yi fako, ya san iska da makwancin nama, kuma komo ne kiɗansa. Farauta kuwa fita ce ta gayya bayan an kawar da amfanin gona, da karnuka da gora da barandami da kiɗan gangi da kirari. Bindigar toka kayan maharbi ce tun asali. Shigarta cikin taron farauta, inda mutane suke kewaye nama ta kowace fuska, yana cikin abubuwan da suke jawo harbin kuskure.

Sunayen bindigar kanta suna da yawa. Bindigar toka ana iya danganta shi da hayaƙi da dauɗar da take bari. Baushe sunan itace ne mai tauri kafin ya zama sunan bindiga. Adaka a Hausa tana nufin akwati kuma, haka take nufi a harshen Asante, ƙasar da fataken goro suka yi ta zirga-zirga zuwa cikinta ta hanyar Gwanja. Harba-ka-ruga kuwa suna ne na barkwanci mai ɗauke da cikakken bayanin fasaha: harbi ɗaya take yi, sake ɗuri yana cin lokaci, idan ba a sami nama da kyau ba sai ƙafa. Wanda ya san ma'anar wannan suna ba zai ɗauki mai riƙe da ita a matsayin wanda ya fito yaƙi ba.

Sai dai akwai kalmar da ta yi tafiya ta baya. 'Yan bindiga a da dakarun fada ne, su ne masu cika filin hawan salla da hayaƙi da ƙara, yara suna bin su da murna. A Hausar rediyo da jaridu ta yau 'yan bindiga su ne masu satar shanu da mutane a dazukan Zamfara da Katsina da Kaduna, waɗanda makaminsu bindigar soja ce mai sarrafa kanta. Haka nan jimlar bindiga ƙirar gida, wadda masu fassara labarai suka saba da ita, ta haɗa adakar maharbi da ƙaramar bindigar ɗan fashi a buhu ɗaya. Gaskiya ne akwai maƙeran da suke yi wa ɓarayi aiki, kuma 'yan sanda suna kama su. Amma idan harshe ya rasa kalmar da zai raba waɗannan da maƙerin da yake naɗe tsagar itace da fata, to mai sauraro ma zai rasa hanyar raba su.

6.0 Doka da Abin da Ke Biyo Bayanta

Dokar 1959 ita kanta ta yi wannan rabewa. Ta kasa bindigogi gida uku. Rukunin farko shi ne na haramtattu, irin su igwa da bindigogin soja da libarba. Na biyu shi ne na bindigogin farauta na zamani, irin su mai baki biyu, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku shi ne na waɗanda ake ɗurawa ta baki, kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha ne yake da iko a kan lasisinsu. Ƙira da gyara ma sai da izinin hukuma. Dokar ta hana a gajarta bututun da ba shi da zare ya gaza inci ashirin, domin gajeriyar bindiga ana iya ɓoye ta a cikin riga. Wato gyaran da maharbi yake yi don sauƙin ratsa daji, idan ya wuce wannan iyaka, ya fitar da bindigar daga kayan sana'a ya kai mai ita gaban alƙali. Ban da wannan akwai dokar namun daji ta Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 a kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, waɗanda suka taƙaita abin da za a harba.

Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin takarda da ƙauye. Bindigar da ta bi ta hannun kaka da uba da ɗa, aka sauya mata itace sau biyu, ba ta da lambar kamfani, shaidarta ita ce Sarkin Baka da mai unguwa sun san mai ita. Wannan shaida tana aiki a Zarewa ko Beli, inda kowa ya san gidan maharba. Ba ta tsallake iyakar jiha. Ga shi kuma ƙarewar daji a kusa da gida tana tura maharban Kano zuwa nesa, har kudancin ƙasar, inda ba a san kirarinsu ba, ba a kuma san bambancin adaka da bindigar masu garkuwa da mutane ba.

A ƙarshen watan Maris na 2025 'yan sintiri a garin Uromi na Jihar Edo suka tare wata babbar mota da ta taso daga Fatakwal, ɗauke da maharba da ke komawa Kano domin yin salla. Aka ga bindigogin toka a cikin kayansu, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a ya kashe mutum 16. Da yawansu 'yan Torankawa ne a Ƙaramar Hukumar Bunkure, kuma Gwamna Monday Okpebholo na Edo ya je har Kano ta'aziyya. Bindigogin da aka samu a motar irin waɗanda ake ratayawa a zaurukan maharban Rogo da Karaye ne, harbi ɗaya suke yi kafin a sake ɗuri.